Kalma Ɗaya, Ma'ana 645

Ya ku iyaye, akwai wata 'yar kalmar Turanci mai baƙi uku kacal wadda take kayar da yaranmu a jarrabawa kowace shekara. Kalmar ita ce "run". Tun a aji ɗaya ake gaya wa yaro cewa ma'anarta gudu. Gaskiya ne. Amma yaron da ya tsaya a nan, ranar jarrabawar WAEC zai sha mamaki.

Bari mu duba. Idan Bature ya ce injin niƙa yana "run", ba ya nufin injin ya tsere daga gari, aiki yake yi. Idan ya faɗi haka game da mace da kantinta, nufinsa ita ce mai riƙe da kantin. Mai neman kujerar kansila, shi ma "run" yake yi, wato ya tsaya takara. Hanyar da ta tashi daga Kano ta ratsa Dambatta da Kazaure zuwa Daura, da wannan kalma ake faɗin miƙewarta. Haka kuma zane mai zuba a wanki, da hancin yaro mai mura. In aka ƙara mata "out", sai ta zama ƙarewa, kamar yadda hatsi yake ƙarewa a rumbu kafin kaka.

Masu babban ƙamus na Oxford a Ingila sun zauna sun ƙidaya. A bugun 1989, kalmar "set" ce kan gaba da ma'ana 430. Da aka sake bin aikin, a 2011 aka sanar cewa "run" ta wuce ta, da ma'ana 645 a matsayin aikatau kaɗai. Wani ma'aikacinsu mai suna Peter Gilliver ya yi wata tara a kan wannan kalma guda. Me ya sa ta yi yawa haka? Zuwan injuna ne. Da jirgin ƙasa da mota da kwamfuta suka shigo, sai mutane suka ari kalmar da suka saba da ita suka ɗora musu.

To, kada wani ya ce Turanci ne kaɗai mai wannan hali. Namu harshen fa? Ku dubi "gudu". Wanda yaƙi ya kora daga garinsu yana gudun hijira. Mai tawali'u, muna cewa yana da gudun duniya. Abin da muke kai wa maƙwabci ranar biki ko rashi, gudummawa ce. Yaro ya sha ruwan kududdufi cikinsa ya ɓaci, sai mu ce gudawa yake yi, Turancin Nijeriya ma "running stomach" yake cewa. Uwa kan rufe randa don gudun kada ƙuda ya faɗa. A cikin waɗannan duka, wa ya ɗaga ƙafa?

"Ci" ma ta fi haka. Muna cin tuwo, mu ci bashi, mu ci jarrabawa. Kasuwa tana ci, wani ya ci sarauta, wani ya ci amana. G. P. Bargery, wanda ya fara zuwa ƙasar Hausa a aikin mishan na CMS, ya buga ƙamusinsa a 1934 da kalmomi wajen 39,000. Duk wanda ya buɗe shi zai ga ashe Hausa ma ba kanwar lasa ba ce.

Ga abin da mu malamai muke roƙo. Ba lalle sai kun iya Turanci za ku taimaki yaranku ba. Da dare bayan tuwo, ku ce yaro ya kawo muku "gudu" iri biyar, ko "ci" iri goma, kowace a cikin magana. Yaron da ya gane cewa cin amana ba da baki ake yi ba, ya riga ya san sirrin: maƙwabtan kalma su ne suke nuna ma'anarta. Gobe in ya gamu da "run" a takarda, zai karanta abin da yake gabanta da bayanta kafin ya amsa. Kuɗin jarrabawar da kuka sayar da gyaɗa ko akuya kuka biya ba zai tafi a banza ba.

Wannan darasi yana da amfani wajen karatun Littafi Mai Tsarki kuma. Yunusa ya gudu zuwa Tarshish don kada ya je Nineba, gudun rashin biyayya ke nan. Yusufu ya gudu daga matar Fotifar har ya bar rigarsa, wannan gudun tsoron Allah ne. A Luka sura 15, uba ne da kansa ya sheƙa da gudu ya tari ɗansa da ya ɓace. Manzo Bulus kuwa, a 1 Korantiyawa sura 9, ya kwatanta zaman mai bi da tseren da ake yi don lada. Kalma ɗaya ce, amma kowane gudu da inda ya dosa.

Saboda haka a addu'ar iyali ta wannan mako, ku karanta waɗannan wurare huɗu tare da yara. A kowanne ku tambaye su: daga ina mutumin nan yake gudu, ina kuma ya nufa? Ubangiji ya ba yaranmu basira, ya sa gudunmu duka ya zama zuwa gare shi. Amin.