Grow a Garden: Yadda wasan shuka karas ya tara mutum sama da miliyan 20 a Roblox

A watan Maris na 2025 wani matashi ɗan shekara 16, wanda bai bayyana sunansa na gaskiya ba, ya saka wani ƙaramin wasa a dandalin Roblox. Babu bindiga a cikinsa, babu tsere. Ana ba ɗan wasa fili da kuɗin wasa 20 da ake kira Sheckles, ya sayi irin karas, ya shuka, ya jira ya nuna, ya sayar. Zuwa watan Yuni, Grow a Garden ya haura mutum miliyan 16 da ke bugawa a lokaci guda, ya karya tarihin Fortnite na miliyan 15.3. Kafin ƙarshen Agusta ya wuce miliyan 22.

Roblox dandali ne da kowa zai iya gina wasansa a kai, da manhajar Roblox Studio wadda kyauta ce da yaren shirye-shirye na Luau. Saboda haka wasanni sun yi yawa, kuma akasarinsu ba wanda ke leƙa su. To me ya raba wannan da sauran?

Babban sirrin shi ne shuka tana ci gaba da girma ko an rufe wasan. Ga mai rubuta manhaja wannan ba wani abin wahala ba ne: a ajiye lokacin da mutum ya fita, idan ya dawo a lissafa tazarar. Amma ɗan wannan lissafin ne ke sa yaro ya tashi da safe yana ɗokin ganin gonarsa. Sai shagon iri, wanda kayansa ke sauyawa duk bayan minti biyar, kuma iri masu daraja ba kasafai suke fitowa ba. Ruwan sama ko tsawa na iya sauya 'ya'yan itace su ninka farashi. Kullum dai akwai dalilin ƙara minti biyar.

Da wasan ya fara tashi, kamfanin Splitting Point Studios na Janzen Madsen, wanda 'yan wasa suka sani da Jandel, ya sayi hannun jari a ciki. Suka riƙa fitar da sabon abu duk ranar Asabar, mutane na taruwa tun kafin lokacin su jira. Manyan alƙaluman nan galibi a irin waɗannan ranakun aka samu.

Batun kuɗi kuwa sai an yi hattara. Roblox na cire kashi 30 cikin ɗari na Robux da aka kashe a wasa, ragowar kuma idan za a mayar da shi dala ta tsarin DevEx, farashinsa ya yi ƙasa sosai da yadda 'yan wasa ke saya. Shekaru da dama, har zuwa 2025, Robux 100,000 dala 350 ya riƙa bayarwa.

Wasan ma bai tsira daga suka ba. Ana iya biyan Robux a saci amfanin gonar wani, abin da bai dace da dandalin da yara suka cika ba. Kuma sarautar ba ta daɗe ba: kafin 2025 ta ƙare, Steal a Brainrot, wani wasan Roblox ɗin, ya karɓe tarihin.