Shigowar Shekara a Wajen Al'ummar Ainu

Ainu su ne 'yan asalin tsibirin Hokkaido da ke arewacin Japan, da kudancin Sakhalin da tsibiran Kuril, kuma tun da a da farauta da kamun kifi da tsintar tsirran daji ne hanyar abincinsu, sauyin yanayi suka bi wajen lissafin shekara, ba wata ƙayyadaddiyar rana ba. A tsohon lissafinsu zamani kashi biyu ne masu karɓa-karɓa, wato sak pa, lokacin ɗumi da ake dangantawa da mata, da mata pa, lokacin hunturu da ake dangantawa da maza saboda farautar barewa da dabbar beyar.

Abin da ke raba lokutan biyu shi ne paykar, lokacin da rana ke ƙara tsawo, dusar ƙanƙara ta fara narkewa, kuma a nan ne za a iya cewa shekara take juyawa. A da, kafin dusar ta gama saki, mafarauta kan bi samanta da ya daskare har bakin ramukan da beyar ke kwana, idan suka sami ɗan beyar jariri su kawo shi gari a rene shi shekara ɗaya ko biyu kafin bikin iyomante, wanda ake mayar da ruhinsa duniyar kamuy, wato ababen bautarsu. Da ƙasa ta bayyana sai aiki ya koma hannun mata, su shiga daji tsinkar pukusa, wata irin tafarnuwar daji da ake shanyawa a adana, daga baya su haƙo saiwar wani tsiro mai suna turep, su daka ta su tace garinta, su dunƙule dusar su busar don guzurin hunturu. Ainun Sakhalin kuwa a wancan zamani har ƙaura suke yi daga gidajen hunturu da aka lulluɓe da ƙasa zuwa na bakin teku.

Irin waɗannan lokuta akan tarbe su da kamuynomi, addu'ar da dattawa ke fara miƙawa ga Apehuci, tsohuwar da suka ɗauka ita ce mai murhu, tare da inaw, sandunan da ake feƙewa har ɓawonsu ya nannaɗe.

Mulkin Meiji na Japan ne ya raunana wannan tsari, domin a 1869 aka raɗa wa tsibirin suna Hokkaido, a 1873 Japan ta koma kalandar Miladiyya, sannan dokar 1899 ta karkata Ainu zuwa noma. Sai a 2019 doka ta amince da su a matsayin 'yan asali, kuma a 2020 aka buɗe cibiyar Upopoy a garin Shiraoi, inda ake koyar da harshen Ainu da al'adunsu.