Daga Tawa zuwa Argungu: Wahalar ɗan kallo a tseren motoci na dogon zango

Wanda ya je kallon ƙwallo ko dambe ko kokawa wuri ɗaya yake samu ya zauna, wasa ya zo ya same shi har a tashi. Tseren motoci na dogon zango kuwa dabam yake. Mota takan ɓullo daga nesa, ta wuce cikin 'yan daƙiƙoƙi, ta bar mutane da ƙura da ƙarar inji. Duk mai son ya sake ganinta dole ya tashi ya riga ta zuwa wani wurin.

A wannan tashi da sauya wuri ne babban ɓangaren wahalar kallon yake, a nan ne kuma aka sha yin asarar rayuka. Shi ya sa manyan gasannin duniya a yau suke tsara hanyar ɗan kallo da irin kulawar da suke tsara hanyar direba. Batun ya shafe mu, domin gasa mafi shahara a irin wannan tsere ta daɗe tana ratsa ƙasar Hausa, kuma a Najeriya ma ana son raya tseren motoci.

Lokacin da Dakar ke kwana a Tawa

Mutumin Magarya ko Wurno ko Rabah ko Goronyo bai yi nisa da tsohuwar hanyar gasar Paris-Dakar ba. Idan ya fito Sakkwato ya nufi Illela, ya ƙetara zuwa Birnin Ƙonni, ya miƙe arewa, Tawa zai isa. A 1989 da 1990 ayarin gasar ya yi zango a Tawa a kan hanyarsa daga Agadas zuwa Yamai.

Wani Bafaranshe mai suna Thierry Sabine ne ya kafa gasar. An tashi daga Paris ranar 26 ga Disamba 1978 da motoci da babura 182, aka isa Dakar ranar 14 ga Janairu 1979 da 74 kawai. Tun a wannan karon na farko an bi ta Agadas da Yamai. A 1983 aka fara keta hamadar Tenere, inda guguwar rairayi ta ɓatar da kimanin mahaya 40, Sabine ya yi kwanaki yana nemo su da jirgi mai saukar ungulu. Agadas ta zama cibiyar gasar a Nijar, kuma Mano Dayak, fitaccen Buzun nan na yankin, yana cikin waɗanda suka yi aiki da Sabine a can. A 1997 ma sunan gasar kansa Dakar-Agadas-Dakar ne.

Ayarin kashi uku yake tafiya. 'Yan tsere suna bin daji da rairayi. Manyan motocin da ke ɗauke da kanikawa da tayoyi da kayan gyara suna bin hanyar da ta fi sauƙi domin su isa zango da wuri. Jirage kuma suna kwasar shugabannin gasa da likitoci da 'yan jarida daga wannan filin jirgi zuwa wancan, dalilin da ya sa galibi a gefen filin jirgi ake kafa sansanin kwana.

Ɗan kallo ba shi da gurbi a wannan tsari. Wanda ya ga tashin motoci da asuba a Agadas, yake kuma son ganin isowarsu Tawa, kwalta zai bi, tafiyar kimanin kilomita 400, kuma irin wannan hanya ce motocin kanikawa ke bi cikin gaggawa. Mutumin ƙauye kuwa bai sayi tikiti ba, bai nemi kallo ba. Kallon ne ya biyo ta ƙofar gidansa.

Sakamakon ya yi muni. A 1988 motar tsere ta kashe wata yarinya 'yar shekara 10 a garin Kita na ƙasar Mali. A Janairun 2006 wata motar ta kashe yaro ɗan shekara 10 a Gini, washegari kuma wata babbar mota daga cikin masu rakiyar gasar ta kashe ɗan shekara 12 a Senegal. A wannan shekara ba a ƙirga lokaci a zangon ƙarshe ba, saboda alhini. Abin lura shi ne motar da ta kashe yaro na biyu ba ta cikin tseren ma. Tana kan hanyarta ce daga wani zango zuwa wani.

Abin da ya raba gasar da Afirka a ƙarshe shi ne tsaro. A 2000, bayan gargaɗin kai hari, an dakatar da tafiya a Yamai aka kwashi motocin a manyan jiragen dakon kaya zuwa Sabha ta Libiya, aka tsallake arewacin Nijar gaba ɗaya. A Janairun 2008 aka soke gasar ana gobe za a tashi, bayan kisan Faransawa huɗu a Muritaniya. Daga 2009 ta koma Kudancin Amurka, daga 2020 kuma Saudiyya.

Darasin Le Mans

Akwai wani nau'in tseren juriya da ake yi a da'ira ɗaya, ana zagayawa dare da rana. Mafi shahara shi ne na awa 24 a Le Mans ta Faransa, wanda aka fara a 1923. Tsawon da'irar ya haura kilomita 13 da rabi, kuma wani sashenta titin jama'a ne da ake rufewa don gasar. Mota mai ƙarfi tana zagayo ta cikin kusan minti uku da rabi. Mai tafiya a ƙasa kuwa sai ya shafe awa uku ko fiye kafin ya ci wannan nisa.

Ranar 11 ga Yuni 1955 motar Mercedes da Pierre Levegh ke tuƙawa ta tashi sama ta tarwatse a cikin taron 'yan kallo, mutum sama da 80 suka mutu. Har yau babu haɗarin da ya kai shi a tarihin tseren motoci. Bayansa aka sake gina wannan sashe na filin, aka ƙara tazara tsakanin titi da jama'a.

A yau mutum sama da 300,000 ke halartar gasar, kuma an san ba za su zauna wuri ɗaya awa 24 ba. Don haka aka tanadar musu hanya. Babu mai taka titin tsere. Ta kan gada ake ƙetarawa ko ta ƙarƙashin ƙasa, kuma gadar Dunlop ta zama alamar filin. Kwanar Mulsanne da ta Arnage suna can nesa da babbar rumfar kallo, saboda haka akwai motocin bas da ke jigilar masu tikiti zuwa can su dawo da su. Miƙaƙƙen titin Mulsanne, mai kusan kilomita shida, inda wata mota ta haura gudun kilomita 400 a awa a 1988, ba a barin jama'a su jeru a gefensa.

Tsofaffin 'yan kallo sun san yadda ake raba lokaci. Sukan ga tashi a babbar rumfa da yammacin Asabar, su gangara ƙananan kwanoni kafin faɗuwar rana, su hau bas zuwa Arnage ko Mulsanne da dare, lokacin da ake ganin ƙarfen birki ya yi jawur kamar garwashi, sannan su dawo da wuri ranar Lahadi kafin cunkoson rufewa. Da yawa suna riƙe da ƙaramar rediyo a kunne, domin wanda ke kan hanya tsakanin wuri da wuri ba ya ganin abin da ke faruwa.

Naivasha: cunkoso ya cinye kallo

A Afirka, misali mafi kusa a yanzu shi ne gasar Safari ta Kenya, wadda ta dawo cikin jerin gasannin duniya a Yunin 2021 bayan shekara 19. Ana yin ta a kewayen Naivasha, zango-zango. Wani zangon ana ƙirga lokaci a kan hanyar da aka rufe, sannan direba ya bi titin jama'a zuwa zango na gaba, yana bin dokar hanya kamar kowa.

Dubban mutane sun kwararo daga Nairobi da motocinsu, kowa yana son ya ga zango biyu ko uku a rana ɗaya. Titunan da ke gefen tafkin suka cushe, mutane suka shafe awowi a cikin mota, wasu suka kwana a hanya, kuma ta waɗannan tituna ne motocin tsere da na asibiti za su wuce. Mai kwaɗayin ganin komai yakan ƙare bai ga komai ba.

Hukumomin wasan ba sa wasa da wannan batu. A Fotugal a 1986 wata motar Ford ta kutsa cikin jama'ar da suka cika bakin titi, mutum uku suka mutu, gommai suka jikkata. Yanzu kafin motar farko ta tashi, motocin bincike ne ke fara bin hanya, kuma idan aka ga mutane a inda bai dace ba ana iya soke zangon ɗungurungum. An cire Poland daga jerin gasannin 2018 saboda yadda aka gaza shawo kan 'yan kallo a 2017.

Lissafin da ya kamata kowa ya sani

Motar da ke gudun kilomita 120 a awa tana cin mita 33 a daƙiƙa ɗaya. Idan ta ɓullo daga kwana mai nisan mita 100, daƙiƙa uku ne tsakaninta da mai ƙetare titi. A kan burji ko rairayi birki ba ya kamawa kamar a kwalta, kuma ƙurar motar farko tana ɓoye ta biyu. A lokacin hunturu, hazo yana ƙara rage abin da direba ke hangowa.

Daga nan ne ƙa'idojin suka fito. A zaɓi wuri biyu a rana, a haƙura da sauran. A isa kafin a rufe hanya, kada a tashi sai motar ƙarshe ta hukuma ta wuce ta buɗe ta. A tsaya a kan tudu, a guji bayan kwana da inda mota ke dira bayan ta yi tsalle, domin can take nufa idan ta ƙwace. A ajiye abin hawa yana fuskantar hanyar fita, ba tare da an toshe wa motar asibiti hanya ba. Yaro kuma a riƙe hannunsa.

Argungu da gabashin Sakkwato

Tseren motoci yana cikin abubuwan da aka daɗe ana haɗawa da bikin kamun kifi na Argungu. Da aka farfaɗo da bikin a Maris 2020 bayan dogon hutu, hukumar bunƙasa ƙera motoci ta ƙasa, NADDC, ƙarƙashin Jelani Aliyu, ɗan asalin Sakkwato da ya yi suna wajen zana motoci a kamfanin General Motors na Amurka, ta shirya ayarin motocin da aka harhaɗa a Najeriya daga Abuja zuwa Argungu. Sha'awar tana nan. Ana ganinta a yadda matasa ke cika fili duk inda aka ce ana wasan mota, galibi ba shinge, ba tazara, masu babura suna bin motoci a baya.

Bin kallo daga wuri zuwa wuri ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Ranar hawan Sallah, wanda ya san lungunan gari yakan ga sarki a wuri uku kafin a sauka. Sai dai dawakin hawa tafiyar ƙasaita suke yi, mai ƙafa yana iya riga su. Wannan dabara idan aka kawo ta tseren mota, aka hau kabu-kabu ana yanke da gudu don a tari motoci a gaba, an ƙirƙiri tsere na biyu ke nan, wanda babu likita ko jami'in da ke lura da shi.

Ƙasar da ke tsakanin Wurno da Rabah da Goronyo tana da irin yanayin da masu shirya tsere ke nema: burji, rairayi, fadama da tuddai a kwarin Rima. Tana kuma da abin da dole su yi la'akari da shi. Hanyoyin suna ratsa tsakiyar ƙauyuka. Rani, lokacin da ya fi dacewa da tsere, shi ne lokacin da manoman albasa da tafarnuwa da shinkafa ke zirga-zirga zuwa fadama da jakuna da raƙuma da amalanke. Ranar kasuwar Achida ko ta Goronyo hanya ta jama'a ce. Sama da duka akwai matsalar 'yan bindiga, wadda harin kasuwar Goronyo na Oktoban 2021, inda aka kashe gommai, ya nuna girmanta. Abin da ya kori Dakar daga Nijar da Muritaniya shi ne yake tsaye a gaban duk wani shiri a nan.

Idan zaman lafiya ya samu aka zo shirya irin wannan gasa, aikin yana farawa ne daga zaure. A zauna da hakimai da dagatai da masu unguwanni, a sanar a masallatai da kasuwanni da gidajen rediyo ranar da za a rufe hanya da awar da za a buɗe ta. A kauce wa ranakun kasuwa da lokacin tashin makarantu. A ware wuraren kallo kaɗan a kan tudu, a tanadi motocin da za su riƙa kai mutane suna dawo da su ta hanyar da ba ta haɗu da ta tsere ba. A ƙayyade gudu a cikin gari ga kowace mota ta ayarin, har da ta kanikawa da ta manyan baƙi. Masu shirya gasa sukan auna nasara da yawan motocin da suka kai ƙarshe. Mutanen ƙauyen da aka ratsa kuwa, da magariba 'ya'yansu za su ƙirga.