Idan Hanya Ta Ratsa Gona

Duk wanda ya baro Mayanchi ya bi titin Anka, ya wuce Daki Takwas har ya kai Gummi, in dai ya san wuraren nan shekara goma sha biyar da suka wuce, zai ga garuruwan sun tsallake iyakarsu ta dā. Inda ake yankan dawa a bayan gari, yanzu bulo ne a jibge da harsashin gini. Haka abin yake a Bukkuyum da Nasarawar Burkullu. Dalili kuwa ba ɓoyayye ba ne. Tashin hankalin 'yan bindiga ya kwaso mutanen ƙauyuka ya zuba su cikin manyan garuruwa, ambaliyar da ta ci gidaje a Gummi a 2024 ta sa waɗansu neman tudu, ga kuma haihuwa. Kowa na son inda zai sa haƙarƙarinsa.

To, sabuwar unguwa ba ta zama sai da hanya. Hanyar nan kuwa ba daga sama za ta sauko ba, lalle ta cikin gonar wani za ta bi. Ran nan sai manomi ya tafi kewaya gona ya tarar an kafa turaku an shafa musu jan fenti, layi guda tun daga wannan kunya har waccan. Wanda bai san abin da doka ta ce ba, ko dai ya tsorata ya sallama a banza, ko kuwa ya fusata ya tumɓuke turakun ya ja wa kansa magana. Duka biyun hasara ce.

Ƙasa ta wane ne?

Tun 1910 Turawa suka yi doka cewa ƙasar Arewa duka tana hannun Gwamna, yana riƙe da ita domin amfanin 'yan ƙasa. Gwamnatin Jihar Arewa ta sabunta wannan a 1962. Sa'an nan a ran 29 ga Maris 1978 mulkin soja na Janar Obasanjo ya kafa Dokar Amfani da Ƙasa, wadda ta game Nijeriya duka, ita ce kuma ke aiki har yau. Bisa ga wannan doka, ƙasar Zamfara tana hannun Gwamna a matsayin amana. Abin da manomi ke da shi a gonarsa shi ne haƙƙin zama da mora, ko da kuwa daga kakan kakansa ya gada.

Sashe na 28 ya ba Gwamna ikon soke wannan haƙƙi in za a yi aikin jama'a a wurin, kamar hanya, ko makaranta, ko asibiti, ko shata sabuwar unguwa bisa tsari. Filin da ke wajen birni kuwa yana ƙarƙashin Ƙaramar Hukuma, ita ma sashe na 6 ya ba ta irin wannan iko. Gwamna ne ke shata inda ake kira birni. Saboda haka tambaya ta fari da mai gona a bakin gari zai yi a ofishin filaye ita ce, gonarsa cikin birni ta faɗa ko waje? Amsar tana da nauyi, gama in Ƙaramar Hukuma ce ta karɓi gonar da ake nomawa, doka ta wajabta mata ta ba mai ita wata gonar a madadi, ban da diyyar abin da ke kai. Manoma da yawa ba su taɓa jin wannan ba. A zamanin En'e ba a damu ba, domin daji na nan, dagaci ya nuna wa mutum wani wuri ya sare. Yau gonar da ke nesa da gari ita ce wadda ba a iya zuwa, don haka sai mutum ya je da ƙafarsa ya ga inda aka ba shi kafin ya ce ya karɓa.

Hanyar Gwamnati da hanyar dillali

Nan ne aka fi cutar mutane. Mai kuɗi ya sayi gonaki a bayan gonar wani, ya yanka su fuloti-fuloti, sai ya ga ba mai saye domin ba mashiga. Daga nan sai a aiko wa mai gonar gaba cewa "an ce" hanya za ta bi ta nan. Wane ne ya ce? Dillalin fili ba shi da ikon karɓar ko taku ɗaya na gonar kowa. In yana son hanya, sai ya zo a yi ciniki, mai gona ya sa kuɗinsa, in ya ga dama ya ƙi. Kotun Ƙoli ta Nijeriya ta yanke a 1991, a shari'ar Osho da kamfanin Foreign Finance, cewa karɓe filin wani don a miƙa wa wani mutum ya yi harkar kansa ba ya cikin aikin jama'a da doka ke nufi. Har ila yau sashe na 36 ya hana a yanka gonar gargajiya ta wajen birni a mai da ita fulotai, ko da yake kowa na ganin yadda ake bin wannan hani.

Ba a nan kaɗai ake wannan gardama ba. A Amurka, a 2005, Kotun Ƙolinsu ta yarda wa hukumar garin New London ta karɓe gidajen mutane ta ba 'yan kasuwa su gina, alƙalai 5 suka rinjayi 4. Jama'a suka yi ca, har jihohi fiye da 40 suka gyara dokokinsu don taƙaita wannan iko. Filin kuwa ya yi shekaru a kango, ba a aza ko tubali ba.

In aikin na Gwamnati ne da gaske, akwai alama. Doka ta ce sai an rubuta takardar sokewa, ma'aikacin da Gwamna ya wakilta ya sa hannu, a kai wa mai fili hannu da hannu, ko a bar ta a gidansa, ko a manna ta a wurin da ido zai gani. Maganar baki ba sanarwa ba ce, ko daga bakin wa ta fito.

Abin da ake biya

Ga inda ya kamata manoma su buɗe kunne. Gwamnati ba ta sayen ƙasar, gama a wurin doka tata ce tun asali. Abin da take biya shi ne abin da mutum ya aza a kai da guminsa ko da kuɗinsa: gini, rijiya, shinge, itatuwan da aka dasa, aikin ban ruwa, da amfanin gona da ke tsaye ran da aka soke haƙƙin. Gini ana ƙiyasta kuɗin sake irinsa, a rage tsufansa, in an yi jinkirin biya a ƙara ruwa bisa ƙa'idar banki. Amfanin gona kuwa, ma'aikacin filaye ne ke yanka masa kuɗi. Amma noma na yau da kullum ba ya cikin lissafi. Watau mutumin da ya shekara ashirin yana kai takin gida da jaki, har jigawa ta koma baƙar ƙasa, ba za a ba shi ko kwabo a kan wannan wahala ba. Gonakin bayan gari kuwa su ne suka fi kowaɗanne shan taki, su ne kuma hanya ke fara ci. A nan dokar ta gaza, ba shakka.

A ɗauki misali. Hanya mai faɗin ƙafa 50 ta ratsa gona mai tsawon ƙafa 300. Abin da ta ci ya kai fuloti uku na hamsin-da-ɗari, watau wajen sulusin eka. In da damina masu ƙiyasi suka zo, za su ƙirga dawa ko gyaɗar da ke wannan sulusi, ta shekara guda tak. In kuwa da rani suka zo, bayan an kwashe kara, ba abin da za su rubuta sai itatuwa. Alhali fuloti uku a bakin gari kowa ya san abin da suke yi a kasuwa.

Don haka ranar ƙirga ita ce ranar manomi, kada ya wakilta yaro. Ya tsaya da kansa, da mai unguwa ko dagaci, da maƙwabtan gona biyu. A ƙirga kowace ɗorawa, da kaɗanya, da tsamiya, da kuka, da mangwaro, a rarrabe mai 'ya'ya da ƙarama, gama ba kuɗinsu ɗaya ba. A ɗauki hoto da waya. A karanta masa abin da aka rubuta kafin ya dangwala, ya kuma nemi a ba shi kwafi. Malamin gona na yankin zai iya taimaka masa da awon wurin. Rashin takardar mallaka ba ya kashe haƙƙin wanda ke noma wurin tun kafin 1978 ko magadansa, amma mai takarda ya fi saurin samun kunnen ofis. Gonar gado kuwa, magada su zauna tun da wuri su fid da wanda zai tsaya musu, domin kuɗin diyya ya raba zumunta da yawa.

Wanda bai gamsu da abin da aka yanka masa ba, doka ta ce ya kai kuka ga kwamitin rabon filaye na jiha. In Ƙaramar Hukuma ta ƙi biya ko ta yi ta jan ƙafa, Gwamna na da ikon sa a ƙiyasta, ya umarce ta ta biya. Sashe na 44 na Tsarin Mulkin 1999 kuma ya ce a biya diyya ba tare da ɓata lokaci ba, ya ba mai fili damar zuwa kotu a kan yawan kuɗin.

Dattawan wannan yanki ba sa bukatar a faɗa musu abin da jinkirin diyya ke haifarwa. An gina madatsar Bakolori a kan Gulbin Sakkwato, kusa da Talata Mafara, tsakanin 1974 da 1978. Ruwa ya ci gonakin waɗansu, waɗansu kuma aka hana su shuka ana baje ƙasarsu don aikin ban ruwa, aka sare musu itatuwa. Suka yi ta kuka a kan diyya har suka gaji, suka tare hanyoyi. A watan Afrilu 1980 'yan sanda suka buɗe wuta, aka rasa rayuka masu yawa. Ma'aikatan da ke riƙe da fayil ɗin talaka a ofis su ma ya kamata su riƙa tuna wannan.

Bayan katafila ta wuce

Ba a ce hanya mugun abu ce ba. Unguwar da ba ta da mashiga, mota ba ta kai mara lafiya asibiti, mai kanti ba ya sauke kaya, ruwan sama kuma ba shi da inda zai bi. Gonar da ta rage a bakin sabuwar hanya darajarta takan tashi, shi ya sa dillalai kan rigayi masu safiyo zuwa ƙofar manomi da kuɗi a hannu. Kada ya yi garaje. Amma ya sani kuma doka ta ba Gwamnati ikon karɓar filin da ke gefen hanya wanda aikin zai ɗaga darajarsa, don haka ya nemi a nuna masa taswirar aikin duka, ba layin turaku kaɗai ba.

Akwai kuma ɓarnar da ba ta shiga takardar ƙiyasi. Kwalbatin da aka juya bakinta cikin gona takan haƙa kwazazzabo a damina biyu ko uku. Ramin da aka ɗebi jar ƙasa yakan zama kududdufi. Wani lokaci hanya takan bar ɗan siririn yanki a ɗaya gefen, wanda ko shanun huɗa ba za su iya juyawa a ciki ba. Duk waɗannan sai a yi maganarsu da injiniya tun turaku na tsaye, a rubuta abin da aka shirya, mai unguwa ya sa hannu. Ɗan yankin da ya rage kuwa, in bai isa huɗa ba, ya isa a dasa masa zogale ko mangwaro biyar, a kewaye shi da ƙaya kafin awakin sabuwar unguwa su iso.