Dabarar Fortescue ta Warware Lissafin Lantarki Mai Layi Uku Idan Ya Karkata

1.0 Gabatarwa

Wutar lantarkin da ake turowa daga manyan tashoshi, irin su ta Kainji, kan zo ne ta layuka uku. Kwararar da ke kowane layi tana kai-komo sau 50 a daƙiƙa guda, kuma kowace tana bin bayan 'yar'uwarta da tazarar digiri 120, wato sulusin da'ira. Muddin ƙarfinsu ya zo ɗaya, tazarar kuma ba ta goce ba, lissafin layi guda ya wadatar, domin sauran biyun kwafinsa ne. Matsala takan taso idan aka jibga wa layi ɗaya kaya, ko waya ta tsinke ta taɓa ƙasa. Wannan maƙala za ta dubi yadda ake warware lissafin a irin wannan hali.

2.0 Dabarar Kanta

A shekarar 1918 ne Charles Fortescue, injiniya haifaffen Kanada da ke aiki da kamfanin Westinghouse a Amurka, ya gabatar da dabarar. Masana kan zana kowace kwarara a matsayin kibiya, tsawonta ƙarfinta, inda ta fuskanta kuma lokacinta. Fortescue ya tabbatar da cewa duk kibau uku, komai karkatarsu, ana iya fasa su zuwa rukuni uku daidaitattu. Rukunin farko, wanda za mu kira jerin gaba, yana bin tsarin da aka saba. Na biyu, jerin baya, tazararsa 120 ce shi ma, amma layi na uku ke rigan na biyu. Na ƙarshe, jerin sifiri, kibansa duka wuri guda suka fuskanta.

Makullin lissafin shi ne alamar "a", wadda ke nufin juya kibiya da digiri 120. Tun da kibau uku masu tsawo ɗaya da wannan tazara suna soke juna, 1 + a + a² = 0.

Alal misali, a ɗauka layin farko na ɗauke da amfiya 30, sauran biyun ba komai. Kowane rukuni zai sami amfiya 10. A layin farko goma-goman nan fuska ɗaya suke, sai su taru su ba da 30. A sauran kuwa sun watsu da tazarar 120, sai su soke juna. A ganina, wannan ɗan misali ya fi dogon bayani fito da hikimar dabarar.

Rabon nan ba wasan alƙalami ba ne kawai. Jerin baya yakan haifar da maganaɗisu mai juyawa akasin sandar janareta, ya cusa mata kwarara mai kai-komo sau 100 a daƙiƙa, wadda ke dumama ta har ta iya lalacewa. Jerin sifiri kuwa ta ƙasa ko waya ta huɗu yake komawa, ninki uku, shi ya sa na'urorin kariya ke auna shi su yanke wuta da zarar waya ta taɓa ƙasa.