Sanarwar da ke faɗowa a fuskar waya: daga ina take zuwa, wa ke ganinta, kuma yaya ake sarrafa ta?

Idan aka kwana biyu babu wutar lantarki, wayoyin unguwa kan taru a teburin mai caji. Mai waya ya kulle tasa da zanen yatsa ko lambar sirri, ya tafi harkarsa hankali kwance. Can sai fuskar wayar ta yi haske: alat ya shigo daga banki, ga adadin kuɗin, ga sunan wanda ya turo, ga abin da ya rage a asusu. Duk wanda ke tsaye gaban teburin zai iya karantawa ba tare da ya taɓa wayar ba.

Wannan ɗan rubutu da ke faɗowa daga saman waya shi ake kira sanarwa. Yana da amfani ƙwarai, sai dai mutane da yawa ba su taɓa duba saitinsa ba tun ranar da suka sayi wayar. Yadda kamfani ya saita, haka suke amfani da ita.

Yadda sanarwa ke isowa waya

Sanarwa iri biyu ce. Akwai wadda wayar ke haɗawa da kanta, kamar ƙararrawar tashi daga barci, ko manhajar da ke tunatar da lokutan sallah, ko sanarwar shigowar tes. Akwai kuma wadda ake turowa daga nesa ta intanet, kamar ta WhatsApp, Facebook ko manhajar banki.

Ta biyun ce ke da ɗan bayani. Da a ce kowace manhaja za ta riƙa leƙa intanet da kanta tana tambaya ko akwai sabon saƙo, da batir da data ba su kai azahar ba. Don haka aka yi dabara: wayar tana riƙe hanya guda ɗaya tsakaninta da kwamfutocin Google idan Android ce, ko na Apple idan iPhone ce. Da zarar an saka manhaja, sai a ba ta wata doguwar lamba ta musamman da ke matsayin adireshinta a wannan wayar. Idan masu manhajar suna son aiko da sanarwa, sai su miƙa wa Google ko Apple tare da wannan lambar, su kuma su isar.

Apple ya fara wannan tsari a 2009. Google ya biyo baya a 2010, kuma tun 2016 nasa ke amsa sunan Firebase Cloud Messaging. Ke nan kusan duk sanarwar da ta zo ta intanet sai ta bi ta hannun ɗaya daga cikin waɗannan kamfanoni biyu na Amurka.

Abin da ɗan aike ke iya gani

Wanda aka ba wasiƙa ya kai, ko bai buɗe ta ba, ya san wanda ya aiko, wanda aka aika wa, da lokacin da aka aika. Haka abin yake a nan. Kamfanin da ke isar da sanarwa ya san wace manhaja ce ta turo, zuwa wace waya, a wane lokaci. Idan kuma masu manhajar ba su kulle rubutun ba, shi ma zai iya karantuwa.

A watan Disamban 2023, wani sanatan Amurka mai suna Ron Wyden ya rubuta wa ma'aikatar shari'ar ƙasar, inda ya bayyana cewa wasu gwamnatoci na neman bayanan sanarwar mutane daga Apple da Google. Bayan maganar ta fito fili, Apple ya sauya ƙa'idarsa, ya ce sai da umarnin alƙali zai miƙa irin waɗannan bayanai.

Manhajojin da suka damu da sirri sun san da wannan. Signal, alal misali, ba ya saka rubutun saƙo a cikin abin da yake miƙa wa Google ko Apple. Alama kawai yake turawa don a tashi manhajar, ita kuma ta ɗauko saƙon ta buɗe shi a cikin wayar. Saƙonnin WhatsApp ma a kulle suke tafiya daga waya zuwa waya. Amma wannan kariya a kan hanya take aiki. Da zarar saƙon ya bayyana a fuskar waya, ya zama rubutun da kowane ido zai iya karantawa.

Ƙofofi uku da sirri ya fi fita

Ta farko ita ce fuskar waya lokacin da take kulle. Lambar tabbatarwa da banki ke turowa, wato OTP, da lamba shida da WhatsApp ke aikowa idan za a buɗe shi a sabuwar waya, duk suna iya bayyana a nan. Wanda ya san lambar wayar mutum, kuma wayar na gabansa, zai iya neman a turo lambar, ya karanta ta a fuska, ya shige asusun ba tare da ya buɗe wayar ba.

Ta biyu ita ce izinin karanta sanarwa. Tun Android 4.3 a 2013 akwai damar da manhaja za ta nemi ta riƙa karanta sanarwar dukkan sauran manhajoji. An yi ta ne don abubuwa irin su agogon hannu na zamani. Amma manhajojin da ke alƙawarin nuna saƙon da aka goge a WhatsApp da wannan izini suke aiki: suna kwafe kowace sanarwa tana faɗowa. Wadda ta iya kwafe saƙon aboki za ta iya kwafe na banki. Shi ya sa Android 13 ya tsananta ba da wannan izini ga manhajojin da aka saka daga wajen Play Store, Android 15 kuma ya fara ɓoye lambobin tabbatarwa daga irin waɗannan manhajoji.

Ta uku ita ce shafukan intanet. Tun 2015 burauzar Chrome ta ba shafuka damar turo sanarwa. Wani shafin saukar da fim ko waƙa zai ce sai an danna Allow kafin a ci gaba. Dannawa ke da wuya, sai sanarwa ta fara zuba: wayarka ta kamu da cuta, ka ci kyautar kuɗi, ga tallafi ya fito. Babu cutar da ta kama wayar. Izini ne mai wayar ya bayar da hannunsa, kuma zai iya janye abinsa.

Yadda ake gyara saitin

Sunayen wuraren kan ɗan bambanta tsakanin Tecno, Infinix, Samsung da Redmi. Hanya mafi sauƙi ita ce a shiga Settings, a rubuta Notifications a wurin bincike.

1. A ɓoye rubutu a fuskar kulle. A Android ana neman saitin Lock screen, a zaɓi ɓoye abin da sanarwa ta ƙunsa. A iPhone ana shiga Notifications, sai Show Previews, a zaɓi When Unlocked. Za a ga saƙo ya zo, amma ba za a karanta shi ba sai an buɗe wayar.

2. A duba masu karanta sanarwa. A nemi Notification access a cikin Special app access. Duk manhajar da ke jerin kuma ba a san dalilinta ba, a kashe izinin.

3. A share shafukan da ke damu. A cikin Chrome, a shiga Settings, sai Site settings, sai Notifications, a toshe duk shafin da ba a gane ba.

4. A gano mai laifi. Idan wata sanarwa ta faɗo ba a san tushenta ba, a danne ta da yatsa na ɗan lokaci, wayar za ta nuna manhajar da ta turo. Daga Android 11 akwai Notification history, wanda idan an kunna shi yake ajiye sanarwar awa 24 da suka wuce.

5. A tace, kada a kashe duka. Tun Android 8 a 2017 ake raba sanarwar kowace manhaja gida-gida, don haka ana iya kashe na talla a bar na shige da ficen kuɗi.

Wayoyi masu Android 13 zuwa sama suna tambaya kafin sabuwar manhaja ta fara turo sanarwa, kamar yadda iPhone ya saba yi. Waɗanda ke ƙasa da haka kuwa, manhaja na samun damar tun daga ranar da aka saka ta, sai mai waya ya bi ya kashe da kansa.

Abin da ya kamata a bari a kunne

Alat ɗin banki shi ne kan fara sanar da mutum idan an taɓa masa kuɗi, don haka kashe shi gaba ɗaya kuskure ne. Abin da ake so shi ne ya shigo, amma kada ya karantu sai an buɗe wayar. Haka kuma ɓoye sanarwa ba ya hana ɓarawo cire layi ya saka a wata wayar ya karɓi tes a can. Maganin wannan shi ne sanya wa layin kansa lambar sirri.

Gwajin ba ya ɗaukar minti biyu. A kulle wayar, a sa wani ya turo tes da saƙon WhatsApp, a duba abin da ya bayyana. Abin da aka gani a fuskar shi ne abin da mai caji, abokin zama a mota da yaran gida ke gani kullum. Idan ya wuce abin da ake so su sani, saitin farko a jerin nan shi ne wurin farawa.