Lissafi Ba Dodo Ba Ne

 A shirinmu na yau za mu leƙa ajin ƙarshe na sakandare, inda ɗalibai ke shirin jarrabawar WAEC ta watannin Mayu da Yuni, da ta NECO da ke biye da ita. Cikin darussansu babu mai sa gaban ɗalibi faɗuwa kamar lissafi, ga shi kuwa duk mai burin karanta likitanci ko injiniyanci sai ya samu kiredit a cikinsa.

(Kiɗa)

Sau da yawa matsalar daga yadda ake koyo take. Malam ya rubuta ƙa'ida a allo, yara su kwafa, su haddace. Ranar jarrabawa a ɗan sauya wa tambaya kama, sai ido ya raina fata. Abin da hannu ya aikata kuwa da wuya ya kuɓuce wa ƙwaƙwalwa.

Ɗauki ƙa'idar Fisagoras. Maimakon hadda, a fita fili da igiya mai mita 12 da turaku uku. A ja gefe ɗaya mita 3, na biyu mita 4, na uku mita 5. Nan take kusurwa mai digiri 90 za ta bayyana, irin wadda magini ke fitarwa kafin a haƙa harsashin gini. Daga nan a nufi gindin darbejiya. Idan sanda mai tsawon mita 1 ta yi inuwar mita 2, bishiyar kuma inuwarta ta kai mita 16, to tsawonta mita 8 ke nan, ba wanda ya hau.

Akwai kuma hatimi mai gida 9: a jera lambobi daga 1 zuwa 9 ta yadda kowane layi, a tsaye, a kwance ko a karkace, zai ba da 15. Wannan fanni ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Malam Muhammadu ɗan Muhammadu Alkashinawi, Bakatsinen da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya rubuta littafi da Larabci yana bayyana hanyoyin tsara irin waɗannan hatimai.

Shi ma rabon gado aji ne sukutum. Mutum ya rasu ya bar Naira 240,000, magadansa su ne mata ɗaya, ɗa ɗaya da 'ya ɗaya. Matar ta ɗauki tumuninta, Naira 30,000. Ragowar 210,000 a kasa uku: ɗan ya samu 140,000, 'yar 70,000. Yaron da ya warware wannan ya fahimci kaso, ko da bai ankara ba. Alkawarizmi na Bagadaza, wanda littafinsa na ƙarni na 9 ya kafa ilimin aljabara, da matsalolin gado da wasiyya ya cika wani babban sashe na littafin.

(Kiɗa)

To, yaya bita take? Tun 1885 wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri jim kaɗan bayan koyo, kuma waiwaye a kai a kai ke rage ta. Don haka rabin awa kullum bayan sallar asuba ya fi kwanan zaune a jajibirin jarrabawa.

A san fasalin takardar tukuna. A lissafin WAEC, takarda ta farko tambayoyi 50 ne na zaɓi cikin awa ɗaya da rabi, wato ƙasa da minti 2 kowace tambaya. Ta biyu awa biyu da rabi ce, kuma a nan mai duba takarda yana ba da maki mataki-mataki. Wanda ya nuna hanyarsa zai tsira da wani abu ko da amsar ƙarshe ta kuskure. A nemo tambayoyin shekarun baya, a aje agogo, a rufe littafi. Duk tambayar da ta gagara a ware mata shafi, a komo mata bayan kwana biyu. A haɗu mutum huɗu ko biyar, kowa ya ɗauki alli ya koya wa 'yan'uwansa, domin wajen bayani ne mutum ke gane inda bai iya ba.

Iyaye, ku rage wa yaran nan aike da talla a wannan lokaci, musamman 'yan mata, ku samar musu fitila da na'urar lissafi. Malamai, ku daina ce wa yaro ba shi da kan lissafi. Ku kuma ɗalibai, ku guji masu sayar da amsa, ku fara bita daga yau.